Ludayin Uban Tafiya

Mu shida ne muke koro wa rundawan Mafara, wato mahautanta, shanu, tun zamanin da Nasara ba su shigo ƙasar nan ba, lokacin da ake rufe ƙofar ganuwa da faɗuwar rana, wanda ya makara ya kwana waje shi da kuraye. Aikin ba wani abin a zo a gani ba ne. Manyan mahauta su hau jakuna su je rugagen da ke bayan Maradun, wajajen Gidan Goga, su gama cinikinsu da Fulani su dawo. Mu kuma mu bi baya mu tattaro abin da suka saya, mu ƙetaro gulbi da shi, mu shigo gari ranar Litinin kafin magariba, don a wayi gari Talata da nama a kasuwa. Iyakarsa ke nan. Amma shekara tara na yi ina wannan aiki ƙarƙashin wani dattijo, kuma in aka ce yau in zaɓi kwanakin da zan maimaita cikin rayuwata, wallahi su zan ɗauka, ba zan ko waiwayi sauran ba.

Dattijon shi ne uban tafiyarmu. Baba muke ce masa, ko da yake ba wanda ya haifa cikinmu. Barunje ne ɗan barunje, wato mahauci ɗan mahauci, gajere mai gwame, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ko ga saniya. Sai wani Bafillace dogo siriri daga rugagen Gidan Goga. Sai wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, 'ya'yan manoma daga cikin Mafara, waɗanda in hantsi ya yi ba su yi cacar baki ba to ɗayansu ba shi da lafiya. Sai mutumin Dakko ta ƙasar Bakura, baƙi mai faɗin kafaɗa, dangin uwarsa masunta ne, ya san ruwa yadda na san wuƙa. Yana da i'ina mai tsanani, irin wadda in kalma ta maƙale masa sai ya runtse ido ya buga ƙafa ƙasa kafin ta fito. Na shida ni ne. Na zo ƙarshe, ina da shekara ashirin da 'yan kai, ga ƙarfi ga baƙar zuciya. Ubana ne ya gaji da raba ni faɗa a mahauta, ya kama hannuna ya kai ni zauren Baba, ya ce a tafi da ni daji ko rana ta dafa ni.

Akwai ta bakwai, sai dai ba mutum ba ce. Bafillacen yana da wata jar saniya mai dogayen ƙahoni, wadda aka ba shi tun tana maraƙa. Shanun da mahauta ke saye ba garke ɗaya ba ne, uku daga wannan ruga, biyar daga waccan, ba su san juna ba. Ranar farko ba abin da suke yi sai karo, kowane na neman ya juya ya koma gida. Jar saniyar nan ce ke shiga gaba, tana tafiyarta a natse, ba ta kula kowa, kafin rana ta biyu sai ka ga duk sun jeru bayanta. A bakin gulbi kuwa ba dabbar da ke sa ƙafa cikin ruwa sai ita ta fara. Ba ta sayarwa ba ce. Bafillacen ya sha faɗi cewa ko Sarkin Musulmi ya aiko a kai masa ita, sai dai ɗan aike ya koma da haƙuri.

Mu ma a tafiyata ta farko karon muka yi. Tun ba mu kai Maradun ba babban 'yan'uwan nan ya fara tsokanata, wai ɗan fawa an saba da saniyar da ke kwance, bari a ga yadda za a yi da mai tafiya. Ni kuwa da ma abin da nake jira ke nan. Na shaƙe shi, ƙanensa da ba su shiri ya taso ya shigar masa, muka yi ta birgima cikin ƙaya. Baba yana zaune bisa wani kututture yana gyaran takalminsa. Da muka gaji muka saki juna.

Kashegari aka fito mana da wani bajimin bokolo, irin mai gajerun ƙahoni, mai mugun hali, wanda ba a iya sa shi cikin garke. Irin wannan igiya biyu ake sa masa, ɗaya a ka, ɗaya a ƙafar baya. Na gaba yana ja, na baya yana riƙe. In sa ya zabura zai soki na gaba, na baya ne zai fizge ƙafar. In ya juyo kan na baya, na gaba ne zai fizge kan. Baba ya miƙa mini igiyar gaba, ya miƙa wa wan ta baya, ya wuce abinsa. Kai! Ranar na san Allah ɗaya ne. Mutumin da na kumbura wa baki jiya, yau bayana na hannunsa. Sau uku san nan yana zabura, sau uku ina jin numfashinsa ga wuyana, sau uku ina jin an fizge shi ya durƙusa. Da azahar muka yi canji, ni ma na fizge masa sau biyu. Kafin la'asar muna tafe muna zagin san tare, muna dariya kamar tare muka tashi.

Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne fura. Kullum hantsi ya yi, ko in mun iso inda za a yanke shawara, kamar mararrabar hanya ko bakin gulbi, sai a nemi inuwa a zauna a kewaye ƙwarya guda. Baba yana da wani tsohon ludayi da ya yi baƙi don daɗewa, an ɗinke tsagar bakinsa da zare. Shi kaɗai ake sha da shi. Duk ƙasar Hausa an san babba ke fara sa hannu a abinci. Ranar farko ina jira Baba ya fara, sai na ga ya dama ya miƙo mini.

Ya ce, “Kai kaz zo ƙarshe, kai ka hwarawa. Sha, ka hwaɗi abin da kag gani.”

Na ce, “Baba, ni ban ga komi ba sai shanu.”

Ya ce, “To madalla, ka ga shanu. Miƙa.”

Na miƙa wa ƙanen, ya sha ya ce farar karsana tana ɗingishi. Wan ya sha ya ce ƙarya ne, ƙaya ce ta taka, ya cire. Ludayi ya isa hannun mutumin Dakko. Ya riƙe, ya runtse ido, ya buga ƙafa, muna zaune muna jira har ƙuda ya sauka bakin ƙwarya ya tashi. Can ya ce hanyar fadama ta jiƙa, a bi ta tudu. Bafillace ya sha ya faɗi tasa. Sannan Baba ya karɓa, ya kwashe ɗan abin da ya rage a gindin ƙwarya, ya goge baki, ya haɗa maganganun nan duka ya ce ga yadda za a yi. Dokar ɗaya ce, mai ludayi a hannu ba a katse shi, ko zai kai azahar.

Rundawan kasuwa sun mai da abin nan abin dariya. In Baba ya wuce sai ka ji ana cewa ga uban tafiyar da ke shan sauran yara. Abin yana ƙona mini rai, don ina son tsohon nan. Wata rana na kasa daurewa na tambaye shi dalili. Ya dube ni ya ce, “In nig gaya muku tawa tun hwari, wa ka gaya mini tashi?” Ni kuwa na ji da kunne, amma ba ta shiga ba.

Allah sarki, waɗannan shekaru. Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙamshin garke da safe in raɓa ta sauka, da kiran da Bafillace ke yi wa jar saniyarsa, wani sauti daga maƙogwaro da na yi shekara tara ina kwaikwaya shanu na yi mini kallon mahaukaci. Ina tuna matan ƙofar Maradun masu fura, waɗanda suka san mu har in sun hango mu sai su fara cewa ga 'yan ludayi guda nan tafe. Ina tuna kilishin da uwata ke ƙunsa mini a ganye, wanda wa da ƙane ke sacewa sannan su taya ni nema. Kowa ya san wurinsa ba sai an faɗa ba. Bafillace gaba da saniya, 'yan'uwan nan dama da hagu, ni ga duk san da ya yi taurin kai, mutumin Dakko ga ruwa, Baba can baya yana jan gwamensa yana tasbihi. In matar ɗayanmu ta haihu, mu biyar ke fara isa da itace. Da gobara ta ci ɗakin ƙanen, kwana uku muka tayar masa da wani. Ni da aka kawo don a raba ni da faɗa, sai ga shi shekara ta zagayo ban ɗaga wa kowa hannu ba, ubana har yana tambaya ko wani abu aka ba ni na sha.

Abu ɗaya ne ban taɓa haɗiyewa ba, shi ne jinkiri. Akwai wata damina da muka iso gulbi ranar Litinin da hantsi, ruwa iya cinya. Ludayi ya zagayo, mutumin Dakko ya daɗe yana fama, daga ƙarshe ya ce shi bai yarda da ruwan nan ba. Baba ya ce to a jira. Muka wuni bakin gulbi muna kallonsa, ruwa bai ƙaru ko da ɗan yatsa ba. Muka rasa kasuwar Talata ɗungurungum. Sarkin Fawa ya wanke Baba tas a gaban jama'a, Baba yana durƙushe yana cewa a yi haƙuri, bai ko ambaci wanda ya ce a jira ba. Ni ranar har abinci na kasa ci don haushi. Na ce a raina, in da ni ne uban tafiya, ba mai i'inar da zai sa a ci mini mutunci.

To, ashe Allah ya ji. A shekara ta goma gwiwoyin Baba suka kumbura, tafiya ta gagara. Shanun na rundawa ne, saboda haka dole uban tafiya ya zama ɗan fawa, wanda Sarkin Fawa zai iya kamawa in an yi ɓarna. Cikinmu ni kaɗai ne. Baba ya kira ni zaurensa, ya zaro ludayin daga jakar fata ya aza mini a hannu.

Ya ce, “Igiya ka iya, hanya ka sani. Ga mutum huɗu nan na bar ma, lahiya lau, ba mai hushi da wani. Duk rad da nit tambaye ka, huɗu nika son in ji.”

Na ce, “In Allah ya so, Baba, huɗu za ka ji.”

Zamanmu na farko ba Baba, gindin wata tsamiya ne kusa da Maradun. Wan ne ya dama furar. Ya kamata ya miƙa wa ƙanensa, tun da yanzu shi ne ƙarami. Sai ya juyo gare ni, ya ɗan russuna, ya ce, “Uban tahiya, bisimilla. Babba shi ka hwarawa, haka munka ishe duniya.” Ban sani ba ko da gaske yake ko tsokanarsa ce ta kullum. Abin da na sani shi ne maganar ta yi mini daɗi har cikin ƙashi. Na tuna dariyar rundawa. Na karɓa na sha, na ce yau ta tudu za mu bi, mu kwana rugar farko. Ƙanen ya dubi wansa, Bafillace ya dubi ƙasa. Ludayi ya zagaya, kowa ya sha ya ce to.

Haka muka ci rani guda. Kuma kada in yi ƙarya, abin ya yi sauri. Zaman da kan ɗauke mu har inuwa ta gusa, yanzu kafin saniya ta gama tuƙa mun tashi. Muna shiga Mafara tun la'asar da sauranta. Sarkin Fawa ya fara yabona a kasuwa, ni kuwa har tafiyata ta canja. Na lura wa da ƙane sun daina cacar baki, na ce ka ga aikin shugaba. Na lura mutumin Dakko kan yi kwana biyu ban ji muryarsa ba, na ce da ma ai magana wahala take ba shi, na hutar da shi. Tir da wauta irin tawa.

Damina ta faɗi. Wata Litinin da hantsi muka iso gulbi da shanu ashirin da wani abu. Sama garau, ko ɗigo ba a yi ba inda muka kwana. Ruwa iya ƙugu. Na ga mutumin Dakko ya naɗe wando ya shiga har gwiwa, ya tsaya shiru, ya ɗebo kumfa a tafin hannu ya duba, ya kamo wani ɗanyen reshe da ke wucewa ya jujjuya shi. Ya fito ya dube ni. Na gan shi sarai, da idona na gan shi.

Muka zauna gindin ɓaure aka dama fura. Na ɗauki ludayi na sha, na ce, “Ruwa bai wuce ƙugu ba, sama ba hadari. Muna gamawa mu ƙetare, Sarkin Hwawa na jiranmu.” Bafillace ya karɓa ya sha ya ce to. Ludayi ya isa hannun mutumin Dakko. Ya riƙe, ya buɗe baki, ya runtse ido. Ni kuwa na riga na miƙe tsaye ina ɗaure ɗamara. Wan ya ce masa, “Sha ka miƙo mana, rana na yi.” Ya buɗe ido ya dube ni ina tsaye bisa kansa. Ya sha ya miƙa.

Bafillace ya yi kiransa, jar saniya ta shiga, shi yana gefenta, garke ya biyo. Mun wuce tsakiya, muna dab da wani rami da ke kusa da gaɓar Mafara, sai na ji ruwan da ke ƙuguna ya haura ƙirji, ya yi sanyi ƙalau, ya koma ja. Ashe can gabas aka kwana ana tafka ruwa, yanzu ne ya iso. Kafin in buɗe baki, ga wata itaciya sukutum da saiwoyinta ta taho tana juyawa. Jar saniya ce gaba, ita ta fara samu. Dogayen ƙahonin nan da muke yabo su suka sarƙe cikin rassa. Itaciyar ta juya, ta danna kanta cikin ruwa. Bafillace ya kama wutsiyarta ya ƙi saki, ruwa na jansu tare, yana nutsewa yana tasowa yana kiranta. Mutumin Dakko ne ya bi su da iyo, ya ɓamɓare masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya jawo shi gaɓa da wuyan riga.

Sauran shanun ruwa ya kwashe su ya watsar a wani yashi can ƙasa, ta gefen Mafara. Muka bi muka tattara. Ko ɗaya bai ɓata ba. Shanun mahauta, waɗanda gobe wuƙa za ta hau, duk sun fita lafiya. Ita kuwa sai da la'asar muka ishe ta a wata kwana, har yanzu kanta na cikin rassa. Ko wuƙa ba a samu sa mata ba. Bafillace ya shiga ya kwance ƙahonin a hankali, ya jawo kanta bisa yashi, ya zauna kusa da ita. Bai yi kuka ba, bai dubi kowa ba.

Ni kuwa kunya ta rufe ni, kuma tun ina yaro in kunya ta kama ni faɗa take zama. Na yi kan mutumin Dakko na ci kwalarsa. Na ce, “Ka sani! Na gan ka cikin ruwa da sahe! Don mi ba ka hwaɗi ba?”

Ya runtse ido. Wannan karon ba wanda ya ce masa ya yi sauri. Ya daɗe, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, sannan ya ce, “Ru... ruwan ya yi sanyi. Na san an yi ruwa gabas. Amma ka... ka riga ka hwaɗi taka. Ni wa, in aza magana bisa ta uban tahiya?”

Hannuna ya saki rigarsa da kansa. Nan take maganar da Baba ya yi mini shekaru da suka wuce ta shiga, ta shiga har ta yi mini ciwo.

Mu uku muka shigar da shanu gari, ni da wa da ƙane. Mutumin Dakko ya raka mu har ƙofar ganuwa, ya juya ya kama hanyar Bakura. Bafillace can muka bar shi bakin gulbi. Kashegari a kasuwa Sarkin Fawa ya tara rundawa ya ce su dubi namiji, wanda ya ƙetaro ambaliya bai yar da ko maraƙi ba. Har cinyar sa ya sa aka kai gidana. Ban taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba.

Da kasuwa ta watse na tafi zauren Baba. Muka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya tambayi shanu, na amsa duka. Sannan ya ce, “Ina mutanena?” Na ce biyu suna gari. Ya aika cikin gida aka kawo fura, ya miƙo hannu, na gane, na zaro ludayin na ba shi. Ya dama a natse, ya miƙo mini.

Ya ce, “Kai kaz zo ƙarshe. Sha, ka hwaɗi abin da kag gani.”

Ƙato da ni, mai 'ya'ya uku, na fashe da kuka a zauren tsohon nan. Na faɗa masa komai, tun daga gindin tsamiya har yashin da muka bar ta. Bai katse ni ba. Da na gama ya karɓa ya shanye saura, ya goge baki, ya ce, “Tahi ka biɗo su.”

Dakko na fara zuwa. Na ishe mutumina a gona yana maimai, wato noma na biyu. Muka gaisa gaisuwar baƙi, ya koma ya duƙa. Na ga wata fartanya ajiye, na ɗauka na kama kunyar da ke kusa da tasa. Muka yi ta noma har azahar. Matarsa ta kawo fura ta aje gindin ɗorawa. Na zaro ludayin Baba na dama, na miƙa masa da hannu biyu, na zauna ƙasa na naɗe ƙafa.

Jama'a, ashe mutumin nan rani guda yake tara magana. Ya faɗi san da na tilasta wa tafiya da ciwon kofato. Ya faɗi ranar da na bi da mu ta hanyar da ba rijiya. Ya faɗi yadda ƙanen ya so ya tsaya jinyar ɗansa ya kasa gaya mini. Kowace kalma sai ya yi kokawa da ita, kowace kuma in ta fito sai ta same ni. Sau nawa bakina na buɗewa don in kare kaina, ina cije leɓe. Na riƙe manyan bajimai a rayuwata, amma ban taɓa riƙe abin da ya kai harshena ƙarfi a ranar nan ba. Inuwar ɗorawa ta bar mu tana can gefe kafin ya gama. Ya sha, ya miƙo mini saura, ya ce zai zo.

Tare muka tafi ruga, bayan gulbi ya sauka. Bafillace ya hango mu ya taso ya tarye mu da fara'a, ya shimfiɗa mana buzu. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida, yara, shanu, sauro, ruwa. Ba abin da ya ragu a ladabinsa, kuma wannan ne ya fi tsorata ni. Can gefen garke na ga wata jar karsana, ƙahoninta sun fara miƙewa, kamarta ɗaya da uwarta, jar saniyar da gulbi ya ci. Ban san na ƙura mata ido ba sai da na ga ya tashi kamar zai gyara igiya, ya dawo ya zauna daidai tsakanina da ita.

Matarsa ta kawo nono a ƙwarya. Na zaro ludayin, na durƙusa, na miƙa masa. Na ce, “Don Allah karɓi. Hwaɗi duk abin da ag ga ranka, ko zagi na, ina saurare.”

Ya dubi ludayin ya daɗe. Ya san shi fiye da ni, ya sha da shi tun ina wasan ƙasa. Sai ya sa bayan hannu ya turo shi gare ni a hankali, yana murmushi.

Ya ce, “A'a. Sha, uban tahiya. Ai kai ka shan hwari.”

Ba fushi a muryarsa, ba gatse. Da ya zage ni, da ya ɗauki sanda ya rafka mini, da na samu abin kamawa. Na sha nonon, ban ji ɗanɗanonsa ba. Ya raka mu har bakin hanya, ya yi mana addu'ar sauka lafiya, ya ce a gaida Baba. Ya juya, muna tsaye muna kallonsa har ya shige cikin shanunsa.

Da na koma zauren Baba bai jira mun gama gaisuwa ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, “Nawa?”

Na ce, “Uku, Baba.”

Ya jinjina kai, ya daɗe yana murza gwiwarsa. Ya ce, “To riƙe su.”

Da kakar shekarar ya rasu. Ukun nan na riƙe su shekara goma sha wani abu, har tsufa ya zaunar da mu ɗaya bayan ɗaya. Ƙanen ke fara sha, ni ke kwashe gindin ƙwarya, rundawa suka mai da dariyarsu kaina, ban ko ji ba. Mun rasa kasuwa ba sau ɗaya ba saboda mutumin Dakko bai yarda da ruwa ba, wani lokaci ya yi daidai, wani lokaci gulbin ko motsi bai yi, ni kuma in je in durƙusa gaban Sarkin Fawa in ce a yi haƙuri. Ba mu sake samun saniyar gaba ba, sai dai ni in ɗaura wa sa igiya in shiga ruwa ina ja. Sau da yawa in mun je rugagen Gidan Goga ina hango jar karsanar nan ta zama saniya, tana gaban garkensa, shanu sun jeru bayanta. Mukan gaisa da shi daga nesa, ya ɗaga sanda in ɗaga hannu. Duk shekarun nan, in mun zauna shan fura, tsakanin mutumin Dakko da ni akwai wurin zaman mutum guda, kuma ba wanda ya taɓa matsowa ya cike shi.